Yau aka tafi da dukushina

Wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake. Wata 11 goɗiyar nan ta yi da cikinsa, ta haife shi tsakiyar damina, kuma wanda ya san daminar Legas ya san yadda laima ke cin kofato, kullum ina tsugune ina goge mai ƙafa ina zuba busasshen yashi a ɗan filinmu na Ikorodu. Harawa da kanwa kuwa sai motar Arewa ta sauke, kuɗin ma kar a yi magana. Wani mai hayar dawaki a bakin ruwan Lekki ya saye shi, ko ciniki bai ja ba. Uwar tun la'asar take haniniya, ta ƙi taɓa dusa.