Yadda nake koya wa 'yan IT tsara kamfen

Ofis ɗinmu ɗaki biyu ne a saman bene nan Zoo Road a Kano, mu huɗu ne har da yaron aike, sana'armu hulɗa da jama'a, wato in kamfani ko ƙungiya na so a san da ita, ko sunanta ya ɓaci a gari tana neman gyara, mu ake kira. Duk shekara makarantu na turo min 'yan IT, wato ɗaliban da ke zuwa koyon aiki a ofis, wasu wata uku wasu shida, yawancinsu masu karanta aikin jarida, kuma wallahi kusan halinsu ɗaya, kana cewa kamfen sai yaro ya buɗe laftof ya hau Canva, manhajar zane, ya fara zaɓen kala.

Bara wani mai kamfanin fiya wata ya zo mana hankali tashe, wai ana yaɗa cewa ruwansa na sa ciwon ciki, ciniki ya faɗi. Na tara yaran su uku na ce ga aiki, ku kawo min tsari. Kwana biyu sai ga su da fulaya mai kyau, da jerin 'yan TikTok da za a biya, har da taken kamfen da Turanci. Na ce da kyau, to wa ke faɗin maganar ciwon cikin? Shiru. A wace unguwa? Shiru. Ɗaya daga cikinsu, yarinya ce mai kaifin baki, ta ce Oga ai kowa ne. Na ce ƴata, ba a yi wa kowa kamfen, kowa ba shi da adireshi.

Sai na ba su kuɗin adaidaita da littafi, na ce ku shiga Sheka da Tukuntawa da Gyaɗi-gyaɗi, shago shago, kar ku ce daga kamfanin kuke, ku sayi ruwa ku zauna a benci ku yi hira. Sun dawo fuska duk ƙura suna ta mita, amma da suka buɗe littafin abin mamaki babu mai shago ko ɗaya da ya ce ya ga wanda ruwan ya kwantar. Kukansu daban ne, leda na yoyo, a jaka ɗaya sai ka samu uku huɗu sun fashe, kuma direban da ke kawowa ba ya canza musu, in ka yi magana ya ce in ba ka so ka bari. To mai shagon da aka ɓata wa rai, in kwastoma ya tambayi ruwan me kake tsammani zai ce? Can zancen ciwon cikin ya samo asali.

Daga nan ne muka zauna rubuta tsarin, kuma na hana su rubuta "wayar da kan jama'a" a matsayin buri, don wannan ba abin da za ka iya ƙirgawa ba ne. Na ce ku rubuta shago nawa suka daina karɓa, nawa muke so su dawo, cikin sati nawa. Waɗanda za mu yi wa magana masu shago ne da diloli tukuna, sannan matan gida. Saƙon kuma gajere, an gyara injin liƙe leda, wadda ta fashe za a canza, ga lambar NAFDAC a jiki. Sai da na sa alhajin ya gyara injin da gaske kafin mu buɗe baki, nan muka fi shan fama, don shi a ganinsa ya biya mu ne mu yi magana ba mu sa shi kashe kuɗi ba.

Akwai misalin da nake ba kowane rukuni, rigakafin shan inna. A 2003 Kano ta dakatar da shi saboda jita-jita, ba a dawo ba sai 2004, kuma fosta ba ta iya komai ba sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shigo, mutane suka ji daga bakin waɗanda suka yarda da su, aka yi ta bi gida gida har 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Yawancin yaran ma ba a haife su ba lokacin, sai su yi ta kallona kamar tatsuniya nake.

Kasafin kuɗi shi ne inda suka fi rauni. Suna manta kuɗin mota, da abincin taro, da ɗan abin da za a ba mai gabatar da shiri, su zuba komai a soshiyal midiya, alhali matar da ke aiken yaro ya sayo ruwa rediyo take ji tana girki. Muka ɗauki jingil na Hausa safe da yamma, muka kira masu shago suka zo kamfanin suka ga tankuna da idonsu aka ci shinkafa, muka kuma tsaida komai ya ƙare kafin azumi don lokacin tallace-tallace cika gidajen rediyo suke ba mai jin naka.

Bayan sati shida na sake tura su shagunan nan dai da littafin nan dai su ƙirgo. Ba duka masu shagon suka dawo karɓar ruwan ba, akwai wani dattijo a Sheka da ya rantse sai an kori direban. Yarinyar nan ita ta rubuta rahoton, a ƙarshe ta sa shawarar a canza wa direban layi, na cire kalma biyu na Turanci na sa mata hannu a logbuk.