Daren da Famfo Ya Daskare Mana a Banff

Kawuna da ke zaune a birnin Kalgari na ƙasar Kanada ne ya ara mana ɗakin. Irin tafi-da-gidankan nan ne mai taya, da ake ɗaura wa mota a baya a ja, gado da madafi da banɗaki duk a ciki. Mutanen Kanada lokacin zafi suke yawo da shi. Da sanyi ya kawo kai sai su zuƙe ruwan da ke cikin bututansa tas, su lulluɓe shi sai baɗi. Mu kuwa a ƙarshen Disamba muka samu hutu.

Da zai miƙo min makulli Kawu ya ce, "Ku tafi da ruwa a jarka. Kada ka cika tankin nan."

Na ce, "Haba Kawu, ga famfo ga abin dumama ruwa, mu koma jido kamar a ƙauye?"

Murmushi kawai ya yi. Da ya shige gida na jona tiyo na cika tankin har baki.

Daga Kalgari zuwa Banff kusan kilomita 130 ne a kan babban titin da ya ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma. Da farko fili ne shimfiɗe, fari fat, sai duwatsun Rocky su taso gabanka kamar an gina katanga. Bayan garin Canmore muka biya kuɗin shiga gandun daji na Banff, wanda shi ne na farko a ƙasar, tun 1885. A bakin hanya muka ga wasu barewa masu girman saniya suna tonon ciyawa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ko kallo ba mu ishe su ba. Kafin ƙarfe biyar na yamma magariba ta yi.

Sansanin da muka sauka akwai wutar lantarki a kowane fili, an haɗa kuɗinta da na kwana. Nan dabara ta zo min. Na'urar ɗumama ɗakin da gas take aiki, ga ƙara ga shan gas kamar raƙumi ya samu ruwa. Wuta kuwa an riga an biya. Sai na kashe na'urar, na jona 'yar hitar da muka zo da ita. Ɗaki ya yi ɗumi, muka sha shayi, na kwanta ina yaba wa kaina.

Da asuba na ɗauki buta na murɗa famfo. Injin da ke turo ruwa ya yi gurnani, ko ɗigo bai fito ba. Na gwada na banɗaki, shiru. Wayata ta nuna digiri 24 ƙasa da sifili.

Matata ta leƙo daga cikin bargo ta ce, "Malam, duba bayan kujerar nan." Jarka biyu ne cike. Ashe ita ta ji maganar Kawu.

Da gari ya waye, wajen tara saura, na fita ina leƙen ƙarƙashin ɗakin. Wani dattijo da ke kusa da mu ya taho da kofinsa a hannu. Nasa ɗakin an zagaye gindinsa da allunan soso har ƙasa, an liƙe duk wata kafa, iska ba ta da hanyar shiga. Tambayarsa ta farko ita ce da me na ɗumama ɗaki jiya. Da na gaya masa ya girgiza kai. Tanki da yawancin bututu a ƙarƙashin daɓen suke, inda iska ke bugu. Na'urar gas ɗin tana da wata 'yar hanya da take hura zafi can ƙasa. Hitar tawa mu kaɗai ta ɗumama, ta bar ƙarƙashin ɗakin a waje cikin sanyi. Ko ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ban buɗe ba, bare zafi ya kai ga bututun da ke manne da bango.

Muka kunna na'urar, muka bar famfo a buɗe, na kwanta ruf da ciki da abin busar da gashin matata ina bin bututu taƙi bayan taƙi. Ya gargaɗe ni kada na kusanto da harshen wuta, roba ce. Bayan kamar awa biyu famfo ya yi tari ya tofo ruwa. Murnata ba ta yi nisa ba, don safata ta jiƙe. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Bututun ya jure saboda yana da ɗan laushi, amma wani ɗan gwiwa na roba mai tauri, mahaɗin bututu a bayan masai, ya tsage, tsaga siririya kamar gashi.

Daga nan na sallama. Muka kashe injin, muka buɗe magudanan ƙasa ruwan ya tsiyaye, muka juye na tukunyar dumama ruwa. Dattijon ya ba ni galan na wani ruwa mai launin hoda da ake yi musamman don hana bututan irin waɗannan ɗakuna daskarewa, na zuba a kowace magudana da masai. Ya ja kunnena cewa ba irin na lagireton mota ba ne, wancan guba ne.

Sauran kwana uku da jarka da buta muka yi su, ana ɗora tukunya a dumama na alwala. Mun je tafkin Louise, inda muka taka kan ruwan da ƙafa, yara na sulu a kansa. Ni dai ina kallon ƙanƙarar ina tuna bayan masai.

Mun komo Kalgari mun tarar da iskar nan mai ɗumi da suke kira chinook ta sauko daga duwatsu, dusar ƙanƙara na narkewa a titi. Na miƙa wa Kawu makulli da ɗan gwiwar da ya tsage. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya juya wajen matata ya ce, "Jarka nawa kika ɓoye?"

Ta ce, "Biyu, Kawu."

Ya buɗe wata durowa a garejinsa ya jefa shi. Akwai wasu uku irinsa a ciki.