Me ya sa sigari ke kwantar da hankali na minti kaɗan, sannan fargaba ta dawo?

Mai shan taba da ya ce kara ɗaya na sanyaya masa rai ba ƙarya yake yi ba. Sai dai abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwarsa ya bambanta da yadda yake zato.

Nikotin sinadari ne da tsiron taba ke yi don kare kansa daga ƙwari. A jikin mutum kuwa akwai wasu maƙallai a kan ƙwayoyin jijiya waɗanda aikinsu karɓar saƙon asetilkolin ne, sinadarin da jiki ke yi da kansa. Nikotin ya dace da su kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwaɗo. Kara ɗaya na ɗauke da kusan miligiram 10 zuwa 12, amma 1 zuwa 2 ne ke shiga jini, kuma cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa ya isa ƙwaƙwalwa. Nan take dofamin, sinadarin jin daɗi na ƙwaƙwalwa, ya kwarara, mutum ya ji daɗi. A lokaci guda adirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, na tashi, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. Wato jiki ba hutawa yake yi ba. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye ma sun nuna ƙaramin adadin nikotin kan rage alamun tsoro, mai yawa kuma ya ƙara su.

Matsalar tana wajen maimaitawa. Idan nikotin ya yi ta bugun waɗannan maƙallai, musamman nau'in da ake kira alfa4-beta2, sai su gaji su daina amsawa, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara yawansu. Cikin kamar awa 2 rabin nikotin ɗin da ke jini ya tafi. Maƙallan nan masu yawa su farfaɗo babu abin da zai cika su, daga nan sai ƙunci, saurin fushi, faɗuwar gaba da kasa zama wuri ɗaya. A kunna wani karan, komai ya lafa. Natsuwar da ake yabo, yawancinta maganin ƙishirwar da karan baya ya bari ne. Haka abin yake ga mai tabar gari da mai shisha. A 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara bincike 26, aka ga waɗanda suka daina sun fi samun sauƙin damuwa da fargaba bayan makonni fiye da waɗanda suka ci gaba.

Akwai wani sinadarin tsiro da ya fi ba ni sha'awa, sitisin, wanda ake samu a cikin ƙwayar irin wata bishiya mai furanni rawaya a Turai. Yana kama maƙallan nan ɗin dai, amma rabi-rabi yake motsa su: ya isa ya rage ƙishirwa, kuma ya tare wa nikotin wuri, ta yadda sigarin ba ya daɗi kamar da. Tun shekarun 1960 ake sayar da shi a Bulgeriya da sunan Tabex, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magungunan da ta ba da shawara a kansu don daina taba. Ƙwaya ɗaya miligiram 1.5 ce, ana sha kwana 25: shida a rana a kwana ukun farko, a yi ta ragewa har zuwa ɗaya ko biyu, a ajiye sigari gaba ɗaya zuwa rana ta biyar. Yana iya kawo tashin zuciya da rashin barci. Mai ciki, mai shayarwa da wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, kada su taɓa shi. Ɗanyen irin bishiyar kuwa guba ne, don haka hanyar likita kawai za a bi.

Inda mutane da yawa ke faɗuwa shi ne makon farko. Ƙuncin ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, yakan ja mako biyu zuwa huɗu. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin narkar da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro, shayi da kofi. Da an daina, kafeyin ya riƙa daɗewa a jini. To, mutum ya maye sigari da goro, shayi mai kauri ko kofi, sai hannu ya kama rawa, gaba na faɗuwa, barci ya gagara, ya ɗora laifin a kan rashin taba ya koma. A rage goro da kofi zuwa rabi tun ranar farko. Wanda ke shan maganin taɓin hankali irin su clozapine ko olanzapine ya sanar da likitansa kafin ya daina, domin su ma ƙarfinsu a jini yana hawa ta wannan hanyar.