Mata da Bagadi a Cocin Katolika

Duk wanda ya taɓa shiga cocin Katolika ranar Lahadi ya san cewa mata ne suka fi cika kujeru, kuma a arewacin Najeriya 'yan Zumuntar Mata ne ke riƙe da waƙa, da ziyarar marasa lafiya, da tarbiyyar yara. Amma idan aka zo kan bagadi, wato teburin da firist ke jagorantar ibada a gabansa, maganar ta sauya. A 1994 Fafaroma John Paul na Biyu ya bayyana cewa coci ba ta da ikon naɗa mata firistoci, kuma har yanzu wannan hukunci yana nan daram.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙofofin da Fafaroma Francis ya buɗe ba tare da ya taɓa waccan koyarwa ba. A 2021 ya amince a hukumance mata su riƙa karanta Nassi da hidima a bagadi, aikin da suka daɗe suna yi ba tare da muƙami ba. A 2023 mata suka kaɗa ƙuri'a karo na farko a taron bishop-bishop na Roma, sannan a Janairun 2025 ya naɗa Sista Simona Brambilla shugabar wata ma'aikata a fadar Vatikan. Masu fafutukar 'yancin mata suna ganin tafiyar hawainiya ake yi, kuma a ganina ba su yi ƙarya ba.