Godiya ta musamman: babur ɗin Baba ya tashi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na bar Kaduna bayan sallar asuba a kan babur ɗin da na yi wata 14 ina haɗawa a zauren gidanmu. Na bi ta Mararrabar Jos da Jaji, na shiga Zariya da hantsi, tafiyar kimanin kilomita 80, bai yi mini gardama ko sau ɗaya ba, ni ne ma nake tsayar da shi ya huce saboda sabon fistin ne a ciki. Tun da na sa hotonsa ake tambayata, wai ni kaɗai na ƙera shi? A'a wallahi. Zauren dai nawa ne, tabon da ke hannuna ma nawa ne, amma babur ɗin nan hannaye da yawa ne suka tashe shi, shi ya sa na ga ya dace in yi godiyar a bainar jama'a.

Ga waɗanda ba su sani ba, Honda CG125 ne na marigayi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin malamin gona a kansa a ƙauyukan ƙasar Zazzau. Bayan rasuwarsa ya daɗe a ɗakin shirgi har kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsa. Don haka godiyar farko ta 'yan'uwana ce, maza da mata, da suka yafe mini rabonsu na gado a cikinsa. Yaya babba ya so a mayar da shi yadda Baba ya bar shi. Da ya ji zan yanke bayansa, in sa masa ƙaramin tanki da shimfiɗaɗɗen sirdi, ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata da daɗi. Daga baya shi ne ya kawo mini tsoffin takardun babur ɗin a leda, ya ce ko me zan yanke kada in taɓa wurin lambar firam. Ban taɓa ba, Yaya. Na gode.

Sai maigidana a wannan aiki, dattijon makaniken da ke bayan masallacin unguwarmu. Ni ma'aikacin ofis ne, kafin wannan aiki iyakar sanina canza filogi. Ranar da muka buɗe injin na ɗauka ya mutu murus, dattijon ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina. A wurinsa na ji cewa Honda ta fito da wannan inji a 1975 musamman don ƙasashe irin namu, inda ake ɗora wa babur kaya fiye da ƙima kuma ba a juye baƙin mai a kan lokaci. Shi ya sa ba shi da sarƙar tayimin, sanduna biyu ne ke tura bawul daga ƙasa. Ya sa na kai silinda aka yi mata borin daga milimita 56.5 zuwa 57, ya koya mini saita tazarar bawul a kan milimita 0.08 inji na sanyi, ya sa na maimaita har sai da yatsuna suka san nauyin abin. Duk zaman nan ko sisi bai karɓa ba, sai goro. Maigida, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mutanen kasuwar Panteka ma sun yi mini halacci. Akwai wanda ya kwashe yini biyu yana tona tarin ƙarafa don ya nemo mini murfin gefe na asali, akwai matashin da ya ɗaure mini ƙafafun biyu, waya 36 kowacce, ya daidaita su har ba ka ganin rawa ko kaɗan. Mai wayarin ya mayar da wutarsa daga bolt 6 zuwa 12, yanzu fitilar na haska hanya da gaske. Badukun da ya ɗinka sirdin kuwa sau uku yana warwarewa saboda fitinata.

Yanzu ga inda godiyar ta fi nauyi. Da yawa kun ji an ce na ƙone, ba ku san yadda aka yi ba. Laifina ne, ba na kowa ba. Na ɗauraye tsohon tankin da fetur don tsatsa ta fita, na juye, na bar shi a buɗe ya kwana. Washegari na leƙa na ga ya bushe ƙayau, na kunna wutar walda zan toshe wata 'yar huda a gindinsa. Ashe tankin da aka juye shi ne mugun, domin tururin fetur ne a ciki gauraye da iska, tartsatsi ɗaya yake jira. Ƙarar kawai na ji. Hannuna na dama daga wuyan hannu zuwa gwiwa ya saɓule, gira da gefen gemu suka tafi. Allah ya sa da tabarau a idona.

Nan da nan zauren ya cika. Wani na cewa a fasa ƙwai, wani ya ruga ɗauko man goge baki, wani har ya ɗauko galan ɗin baƙin mai. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ta shigo ko mayafin kirki babu, ta daka musu tsawa, ta sa aka cire mini agogo kafin hannun ya kumbura, ta riƙe shi ana kwarara masa ruwa mai sanyi minti 20 cur, ta hana a sa ƙanƙara. A asibiti likita ya ce wannan ruwan ne ya hana ƙunar cin ciki. Hajiya, ban san da bakin da zan gode miki ba. Haka mai Keke Napep ɗin da ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke ni, ya tafi ban ko ga fuskarsa da kyau ba. Idan saƙon nan ya iske ka, don Allah ka neme ni. Ma'aikatan jinyar da suka yi ta wanke mini ciwon ina ihu kamar yaron goye, abokan aikina da suka riƙe mini teburina, jama'ar masallaci da suka yi ta sintiri da addu'a, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Bayan na warke na yi niyyar sayar da komai a kilo. Uwargida ce ta hana. Ita da ta yi shekara tana tsallake sifanu da kwanon baƙin mai kafin ta shiga gidanta, baƙinta na bi ta ƙofar baya, ita ce ta ce in ƙarasa, amma da sharaɗin wuta ba za ta sake shiga zauren ba. Aka kai tankin wurin mai walda na gaske. Ya wanke shi da ruwan zafi da omo sau da yawa, ya cika shi da ruwa ya bar wurin hudar kawai, sannan ya kusanto da wuta. Ina tsaye daga nesa ina jin kunya. Maman yara, na gode, kuma alƙawarin fentin zauren yana nan.

Da na isa Zariya gidan Inna na fara zuwa. Ba ta gane shi da ido ba, don kamanninsa duk sun sauya. Sai da na buga kik ya ɗauka, ta yi shiru, ta ce wannan ai ƙarar Malam ce idan ya dawo daga ƙauye da la'asar. Daga nan ba wanda ya iya cewa komai a tsakar gidan.

Masu tambayar farashi ku yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne. Masu son gani kuma ƙofa a buɗe take bayan sallar Juma'a. Abokina da ya ara mini abin zare maganeto tun damina ta bara, na san ka gaji da tuni, gobe in sha Allahu zan kawo maka har shago, a kan babur ɗin.