Yadda Na Ƙirga Magungunan Damuwa a Asibitinmu

Lokacin da aka ɗora mini nazarin yadda likitoci ke rubuta magungunan ciwon damuwa a asibitin da nake aiki a sashen harhaɗa magunguna, na zaci abin ba zai wuce ƙirga ba. Bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ni izini, na tattara takardun magani na shekara biyu, na cire sunayen marasa lafiya, na bar shekarunsu da jinsinsu da sashen da aka duba su da irin maganin da adadinsa.

Na yi aiki da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda cibiyarta da ke Oslo a ƙasar Norway ke kula da shi. A tsarin nan magungunan damuwa suna ƙarƙashin lamba N06A, kuma kowanne yana da ƙiyasin abin da baligi ke sha a rana, wanda ake kira DDD: miligiram 75 ga amitriptyline, 20 ga fluoxetine, 50 ga sertraline. Da shi ake auna magunguna masu bambancin ƙarfi da mudu ɗaya.

Ƙirgar farko ta nuna amitriptyline ya yi wa sauran fintinkau, hankalina kuwa ya tashi, domin tsohon magani ne mai busar da baki, mai sa tsofaffi jiri, wanda kuma ke iya rikita bugun zuciya idan an sha fiye da kima. Har na soma rubuta cewa likitocinmu ba su tafi da zamani ba. Abin da ya taka mini birki shi ne, takardun suna da yawa amma jimillar DDD ɗinsu ba ta taka kara ta karya ba. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na tarar akasarinsu miligiram 25 ne da dare, wato sulusin ma'aunin, kuma da dama daga sashen masu ciwon suga suka fito. Wata babbar likita ta fahimtar da ni cewa don zogin jijiyar ƙafa suke bayar da shi, wani lokaci kuma don ciwon ɓarin kai ko rashin barci. Ashe sunan magani nake ƙirgawa, ba ciwon da aka rubuta shi dominsa ba.

Dole na koma ɗakin ajiye kati, na shafe makonni ina neman abin da likita ya ce yana damun kowane mara lafiya. Katuna da yawa babu wannan bayani, kuma giɓin ba haka kawai ya faru ba: ya fi yawa a ranakun cunkoso, sannan akwai likitocin da ke gudun rubuta sunan ciwon saboda kada a jingina wa mutum taɓin hankali a cikin danginsa. Da na watsar da waɗannan katuna, da sakamakon ya karkata. Sai na yi lissafin sau biyu, na farko a kan cewa dukkansu masu damuwa ne, na biyu a kan cewa babu ko ɗaya, na kawo duka biyun a rahoto.

Daga nan na gina lissafi mai hawa biyu a manhajar ƙididdiga mai suna R, wanda ke auna tasirin kowane dalili bayan an daidaita sauran, yana kuma la'akari da cewa likita ɗaya ne ke duba mutane da yawa. Da na shigar da watannin da magani ya yanke a sito, da kuma ko mutum na da inshorar lafiya ko daga aljihunsa yake biya, bambancin da na ɗora wa likitoci ya ragu ƙwarai. Likitan da ya san wanda ke gabansa ba zai iya sayen mai tsada ba, mai araha zai rubuta masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsawon lokacin shan magani. Jagorar mhGAP, wato jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a bugunta na 2016 ta ce a ci gaba da sha aƙalla wata 9 zuwa 12 bayan an samu sauƙi, ga shi maganin kan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, amma mutane da yawa sun ɓace daga takardunmu bayan zuwa ɗaya ko biyu. Takarda ba ta bambanta wanda ya koma saye a kemis da wanda ya rasa kuɗin mota da wanda ya fid da rai. Saboda haka na rubuta “ba su dawo ba” maimakon “sun daina sha”, na kuma roƙi a ƙara gurbin dalilin magani a takardar likita, a kuma riƙa kiran wanda bai zo ba ranar da aka sa masa.