Daga Ikebukuro zuwa Shinjuku Ni-chome: manga iri biyu da baƙo ke ɗauka ɗaya ne

Na sauka a tashar Ikebukuro da ke Tokyo da hantsi, na fita ta ƙofar gabas, na miƙe wajen dogon ginin Sunshine 60. Daura da shi ne titin da ake ce wa Otome Road, inda shagunan littattafan zane, wato manga, suke jere, kuma galibin masu saye mata ne. Abin da suka fi nema shi ne BL, wato Boys' Love, labaran soyayya tsakanin maza waɗanda akasari mata ke zanawa domin mata. Kada ka tambayi mai shago "yaoi", wani sunan da ake kiran nau'in da shi. Sunan ya tsufa a Japan, "bi-eru" ake cewa, wato BL a lafazinsu.

Nau'in yana da tarihi. A shekarun 1970 aka fara da shonen-ai, labaran samari masu siffa mai laushi, cike da baƙin ciki, sau da yawa a makarantun kwana na Turai. Keiko Takemiya ta fara Kaze to Ki no Uta a 1976, mujallar June ta biyo baya a 1978. Yaoi kuwa daga dojinshi ya fito, ƙananan littattafan da masu sha'awa ke bugawa da kuɗinsu su kai kasuwar Comiket, wadda aka soma a 1975. Sunan BL ya kafu a shekarun 1990.

A shagon dojinshi ne baƙo ke ɓata. Ana jera su ne bisa jaruman da aka haɗa: sunan seme, mai jan ragama, a gaba, na uke, mai bi, a baya. In ka juya sunayen, wata kanta daban za a kai ka. Littattafan a naɗe suke cikin leda, ba a buɗewa, sai ka dogara da bango. Mai alamar R18 na manya ne kawai.

Da la'asar na hau layin Fukutoshin zuwa Shinjuku-sanchome, na taka zuwa Ni-chome, unguwar maza masu son maza. Nan zanen ya sauya gaba ɗaya: ƙarti masu ƙirji da gemu da gashin jiki, maza ne ke zanawa domin maza, kuma ba a cika bin ƙa'idar seme da uke ba. A waje ana kiran wannan "bara", daga mujallar Barazoku ta 1971, amma a Japan "gei komi" ake cewa. Kasuwarsa ƙarama ce idan aka gwada da ta BL, kuma ta ƙara tsukewa da mujallar Badi ta daina fitowa a 2019. Fitaccen mai zanensa, Gengoroh Tagame, ya kuma yi Ototo no Otto a 2014, labarin iyali da ake samu a shagon littattafai na kowa da kowa.